Ta Shida a Garken Yayanku

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, ana faɗinta cikin raha in an haɗu da salla, wai shekarar da aka kashe mahaifinku yayanku bai tsinana komai ba sai latsa waya. Na ji ta a bakin dangi, na ji ta a bakin maƙwabta, bara kuma na ji ta a bakinki, Rukayya, kina ba ƙawarki labari kuna dariya. Ban tanka miki ba. Kun san tsakanina da shi. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa gaban mutane ba. Haka uwata ta yi da yayana a Zakka, haka na tashi na tarar. Amma ke da Hadiza kuna makarantar kwana a Katsina a waccan damina, duk abin da kuka sani ji kuka yi, ni kuwa a gefen tabarmata aka yi komai. Tunda hawan jini ya fara aiko mini da gaisuwa, gara in rubuta tun hannuna bai soma rawa ba.

Muna zaune a Batsari lokacin, ina koyarwa a firamare, mahaifinku kuma yana noma gonar gado da ke wajen Wagini. Mutane sun soma barin gonakin da ke kusa da daji saboda 'yan bindiga, shi kuwa ko a jikinsa. Tun yana saurayi abokansa ke masa kirari da "Ƙi gudu, sa gudu," kuma ya ɗauki kirarin nan kamar da shi aka raɗa masa suna. Na yi magana har na gaji. Ran nan ya fita da shanun huɗa bayan ruwan shuka, bai dawo da ƙafarsa ba, shanun ma ba mu sake ganinsu ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kun san zafinsa kamar yadda na sani. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya biyo bayan sadakar bakwai. Mustafa, ƙanen yayanku, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya shigo ɗakina ya durƙusa, idonsa jawur. Ya ce zai shiga 'yan sa kai. Ku fahimce ni, ban raina mutanen nan ba. Da yawansu 'ya'yan mutane ne da suka tsaya lokacin da babu mai tsayawa, kuma mun yi barci a bayan wahalarsu. Sai dai na haifi Mustafa, na san abin da ke cikin idon nan. Ba gadin gari zai je ba. Daji yake so ya shiga ya nemo wanda ya kashe ubansa, shi da ko kaza bai iya yankawa ba tare da ta tsere masa ba.

"Umma, albarka na zo nema," in ji shi. "In kin sa mani, in tafi da ita. In ba ki sa ba, wallahi zan tafi hakanan."

Ya ɗaure ni. In na sa, da hannuna na miƙa shi. In na hana, ya tafi babu albarkar uwa, in ya mutu a haka ban san inda zan sa kaina ba. Ina zaune, sai yayanku, da ke jingine a bakin ƙofa tun ɗazu, ya yi gyaran murya.

Yayanku a lokacin yana da ɗan shagon cajin waya kusa da tasha, da faranti ɗaya na sola a kan rufin. A nan samari ke taruwa suna wani wasa a waya da suke kira wasan dodanni. Kowa zai zaɓi dodanni shida ya haɗa su, a kara da na wani, ana bugu bi da bi har na ɗaya su ƙare. Mustafa ne gwanin unguwa. Nasa duk masu ƙarfin duka ne, kafin ka gyara zama ya gama da kai ya miƙe yana kuri. Yayanku kuwa kusan kullum shi ake ci, bai kuma damu ba.

"Ka ci ni sau ɗaya a wasan nan," ya ce wa Mustafa, "ni da kaina zan ɗauke ka a mashin in kai ka wurinsu. Amma sau ɗaya za mu kara a rana, bayan la'asar. Kuma in ka danna gudu, an ci ka."

Gudu shi ne sunan da suka ba wani ɗan maɓalli a gefen allo, wanda mutum ke dannawa in ya gaji ko ya ga ba nasara, ya bar wasan.

Mustafa ya yi wata dariya mai ɗaci. "Yaya, ana maganar jinin Baba kana maganar wasa? To na ji. Gobe ma in gama da kai. Ni ɗan Ƙi-gudu ne, ban san wani gudu ba."

Sai duk suka juyo gare ni. Na dubi yayanku, abin da ba na yi sosai, na ga bai yi kama da mai wasa ba. Ban san komai game da dodannin nan ba, amma ba ni da wata igiyar da zan kama.

"Ranar da ka ci yayanka, ka zo in sa maka albarka," na ce. "Kafin nan ƙafarka ba ta fita garin nan."

Wannan ita ce shawarar da na yanke, ni Malama da ake aiko wa yara su koyi hankali. Na jingina ran ɗana a kan wasan waya. Labari bai kwana ba ya kai ƙauyen Yasore, Baffanku Haruna ya hau jaki ya zo takanas. Bayan mun gaisa, ya tambayi haƙuri, na tambayi mutanen gida da hanya, sai ya gyara zama.

"Malama, abin da munka ji gaskiya na? An kashe ƙanena, ɗanshi guda ya tashi shina son ya nuna ubanshi ya haihu, ke kau kin zaunar da shi gaban waya? Shi wancan babban dama mun san ba ya da zuciya. Ko hawaye ban ga ya yi ba wurin jana'iza."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Uwa ba ta kare ɗan fari a gaban dangin uba, sai a ce ba ta da kunya. Yayanku yana tsakar gida yana jin komai, yana wanke farantin solarsa da tsumma.

Da safe ina tsince wake, ya zo ya zauna nesa kaɗan da ni, kamar yadda ya saba, ya soma bayani yana kallon ƙasa. Ya ce duk daren jiya ya rushe dodanninsa ya sake haɗa wasu, kuma shi garke yake kiransu, tunda namu na gaske an kora. Ya ce garken nan ba a haɗa shi don ya kashe kowa ba, an haɗa shi don kada ya mutu. Na ce to ai ba a cin wasa da rashin mutuwa. Ya ce ana ci, domin kowane bugu a wasan ƙidayayye ne kamar tsinken ashana, in mutum ya yi ta ƙyastawa a iska kwalin zai ƙare. Ya miƙo wayar ya nuna mini su. Ga wani mai ƙwarya a baya da ya sa wa suna Kunkuru, shi ke karɓar naushi da cizo. Amma Kunkuru ba ya jure wuta, don haka ya haɗa shi da Randa, wadda wuta da ruwa ba sa mata komai, ita kuma naushi ne ajalinta. In an kawo wuta ya janye Kunkuru ya turo Randa, in an kawo naushi ya mayar. Akwai Shinge, mai watsa ƙaya a filin abokin karawa yadda duk dodon da ya shigo sai ya taka. Akwai Tinya, da ya ba sunan itacen nan mai farin ruwa mai guba, ita kuma ɗan dafi take sawa ta koma gefe, dafin ya yi ta ci a hankali. Ya tsaya a kan na biyar, wanda ke share ƙayar da aka watsa masa, ya ce ya rasa sunan da zai ba shi.

"Yo mai shara ai tsintsiya ce," na ce.

Ya yi murmushi ya rubuta. Sai na hango wata a ƙarshen layi, ƙatuwa, fara, mai zagayen jiki, ba ƙaho ba farce, kamar an ɗora ido a kan tulu.

"Wannan fa? Me take yi?"

"Jinya take. Ba ta iya duka. In ta fito sai ta warkar da sauran."

"Sunanta fa?"

"A wasa ba a ganin suna sai dabba ta fito fili, Umma," ya ce, ya karɓi wayarsa. Na lura bai amsa abin da na tambaya ba, amma ban bi ba.

Aka soma. Kullum bayan la'asar su shimfiɗa tabarma a gindin bedin tsakar gida, wato dogon yaro, ni ina gefe ina duba littattafan 'yan aji ko ina gyaran ganye, kunnena yana wurinsu. Ranar farko Mustafa ya zauna a tsugune kamar mai jiran mota. Ya kai bugu, Kunkuru ya shanye. Ya kawo wuta, Randa ta fito. Ya canja dodo, ya taka ƙaya. Rana ta yi ta sauka, inuwar bedin ta kai bango, dodanninsa suna ta ramewa da dafi, na yayanku kuwa in sun sha duka sai su ɗan huta su murmure. Can ya buga tsaki.

"Wannan ai ba wasa ba ne! Ka tsaya mu yi faɗa mana, sai janyewa kake kamar mace!"

"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne," in ji yayanku.

Mustafa ya danna gudu ya jefar da wayar a kan tabarma. Na ce masa, ba tare da na ɗago ba, ashe ɗan Ƙi-gudu ya san inda maɓallin yake. Bai ci tuwo ba ran nan. Washegari haka, jibi haka. Abin da na gane daga baya shi ne, yawancin ranakun ba a kashe masa dodanni duka ba. Zaman ne ba ya iyawa. Da ya ga abin zai ja, sai zuciya ta ɗebe shi ya fita da kansa. Yayanku ya san ƙanensa kamar yunwar cikinsa, a kan wannan halin ya gina garken, ba a kan dodannin ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Mustafa ba wawa ba ne, duk 'yan kwanaki sai ya zo da sabuwar dabara, kuma sau ɗaya kawai yake bukata. Akwai wani abokin yayanku a Safana, malamin lissafi, wanda aka ce duk yankin ba mai kama ƙafarsa a wasan. Yayanku ya riƙa rufe shago ya hau mashin ya tafi can don a ci shi, ya ga inda garken ke yoyo ya dawo ya toshe. Ku da kuka san yadda hanyar Batsari zuwa Safana take a shekarun nan, lokacin da direba ke tsayawa ya tambayi na gaba ko hanya lafiya kafin ya wuce, ku auna. Wanda ake cewa ba shi da zuciya shi ke bin ta don kada ƙanensa ya ci wasa. Da aka yanke sabis na waya a yankinmu, Mustafa ya yi murna ya ce alkawari ya warware tunda ba a iya wasa. Yayanku ya nuna masa ana haɗa waya da waya in suna kusa, ya riga ya koyo a Safana. Na tuna wata rana ya dawo da ƙura har gira, na ajiye masa ruwa, sai ya ce kamar da kansa yake magana:

"Abu ɗaya ne zai kashe garken nan. Akwai dodo mai tsokana. In ya tsokane ka, ba ka iya jinya, ba ka iya watsa ƙaya, dole sai ka kai duka. Duk wanda aka tilasta wa duka kuma ya bar abin da ya iya. In yaron nan ya gano shi, na shiga uku."

A waje kuwa tsokanar ce ake yi da gaske. Samari suna wucewa ta gaban shago suna kiransa Kunkuru. Wasu suka daina kawo caji. Matan unguwa in na wuce sai hira ta tsaya. Bai taɓa mayar wa kowa ba, kuma ni ban taɓa buɗe baki na ce ku bar shi, ni na san abin da yake yi ba. Abin yana cina, wallahi yana cina, amma haka na haɗiye.

Wajen tsakiyar damina abokan Mustafa biyu da suka shiga tun farko suka bi sawun wasu shanu cikin daji. Ɗaya ne ya dawo. Na ɗauka ranar Mustafa zai tsallake alkawari ya tafi, na zauna a bakin ƙofa kamar zan iya tare shi. Bai tafi ba. Ya dawo daga maƙabarta, ya yi la'asar, ya shimfiɗa tabarma da kansa. Daga ranar bai sake danna gudu ba. Ya riƙa zama har a kashe masa na ƙarshe, yana kallo, yana ƙirga bugun yayansa a zuci. Ya daina tsaki. Ya cire biyu daga masu ƙarfin dukansa ya sa masu juriya. Na ga yaron da ba ya iya jiran shayi ya huce yana zama tun la'asar har kiran magariba bai motsa ba. Na yi murna da hankalin da ya yi, na kuma tsorata, domin hankalin nan shi ne zai ba shi nasara, nasarar kuma ita ce za ta kai shi daji.

Ranar ta zo lokacin da aka soma yankan gero a gonakin bakin gari. Ina sussukar 'yan zangarniyar da wata maƙwabciya ta ba mu, sai na ji yayanku ya ja numfashi. Mustafa ya gano mai tsokanar. Na ajiye taɓarya na matso, abin da ban taɓa yi ba. Shinge ya fara faɗuwa. Tsintsiya ta bi shi. Tinya ta sa dafinta kafin a kashe ta, amma Mustafa bai ruɗe ba, ya janye wanda aka sa wa dafin ya turo wani, daidai yadda yayansa ke yi. Randa ta daɗe tana shan wuta kafin naushi ya same ta. Kunkuru ya tsaya shi kaɗai har aka fara kiran salla a masallacin nesa, sannan ya kife. Gumi yana ɗiga daga haɓar yayanku. Sai a lokacin na tuna cewa duk daminar nan ban taɓa jin an ce farar nan mai jinya ta fito fili ba. Da biyar yake karawa da shida tun ranar farko, ya hana kansa mai warkar masa da garke.

Ta fito, ƙatuwa, ba ƙaho ba farce. Sunan ya bayyana a samanta, da manyan baƙaƙe yadda ko ni da ba na sanye da tabarau na karanta. UMMA.

Mai tsokanar Mustafa yana tsaye a gabanta, ita ba ta iya duka, an kuma hana ta jinya. Ya kai bugu ɗaya, layin jininta da ke kan allo ya ragu. Ya kai na biyu, ya rage ɗan ja siriri kamar zare. Saura ɗaya ya ci, in tashi in ɗora hannu a kansa, yayansa ya tayar da mashin. Na riga na soma haɗa kalmomin albarkar a bakina, domin alkawari na yi kuma zan cika.

"Wannan zalunci ne, Yaya," in ji Mustafa.

"Suna ne kawai," in ji yayanku. "Ka buga. Ni dai na ga in ka tafi haka za ta tsaya, ita kaɗai, ba ta iya rama wa kowa. Na ce gara ka fara gani a nan."

Mustafa ya daɗe yana kallon allon. Ya ɗago ya dube ni, da ƙaiƙayi a zanena da taɓarya a gefe. Sai ya kai babban yatsansa gefen allo ya danna gudu. Ya kifa kansa a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba tun ranar jana'iza. Ban taɓa jin daɗin ganin ɗana ya gudu ba sai ran nan.

Bai sake tayar da maganar daji ba, bai kuma sake taɓa wasan ba. Amma bai yafe da wuri ba. Ya fi shekara ba ya cin abinci kwano ɗaya da yayansa, yana cewa an yi masa wayo da sunan uwa, kuma gaskiyarsa, an yi masa. Da rani ya tafi Safana koyon walda, inda yake har yau da matarsa da ɗan da ya sa wa sunan mahaifinku. Baffanku Haruna ya rasu yana ganin babban ɗan ƙanensa matsoraci ne. Sunan Kunkuru ya bi yayanku har 'ya'yan unguwa da ba su san mafari ba suna kiransa da shi, yana amsawa. Bai taɓa ba kowa labarin nan ba, Mustafa ma kunya ta hana shi, ni kuma kun san abin da ya rufe mini baki.

Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane ma'anar jarumta daga littafi, ban taɓa ganinta da idona ba sai a gindin bedin nan, a hannun mutumin da ya yarda a kira shi rago damina guda don ƙanensa ya rayu. Ya rubuta sunana a inda ya san zai tsare gidan nan, ni kuwa tun da na haife shi nasa bai taɓa fita daga bakina ba. Bakin har yanzu ba zai iya ba, an riga an gina shi haka. Amma na lura alƙalami ba shi da kunya irin tawa, don haka ku karanta, ku kuma karanta wa 'ya'yanku.

Kabiru. Allah ya yi maka albarka, Kabiru.